Karan dawa a bakin inji

Ranar kasuwar Bakori wani matashi ya miƙo mini hannun hagu mu gaisa, ashe damansa dungu ne. Injin casar masara ya cinye masa, irin wanda nake sayarwa a shagona. Nan take marigayi Kawu ya faɗo mini a rai, na rasa inda zan sa fuskata.

Yayan mahaifiyata ne, injiniya a wani gidan gurzar auduga a Funtua, ni kuma a shekarun tamanin ina aikin lantarki a ƙarƙashinsa. Kullum cewa yake, "Inji bai san tausayi ba, sai an dasa masa." Ya daɗe yana fama da wata na'ura mai ido, wadda za ta kashe inji da kanta idan hannu ya kusanci haƙoransa.

Da karan dawa yake gwaji. Sai ya zura shi cikin hannun tsohuwar riga ya miƙa. Inji ya taune, ƙurar auduga da warin baƙin mai su cika mana hanci. Kawu ya tsince ɓaraguzan ya ce, "Yau ma mun yanke hannun wani."

Ranar da injin ya tsaya cak, karan ko ƙwarzane babu, ya dafa kafaɗata a gaban ma'aikata. "Ɗana, kai za ka kai wannan har ƙauye."

Na kai injuna ƙauye, Kawu, amma babu tausayin a cikinsu. Allah Ya haskaka kabarinka, Ya nufe ni da sake ɗaukar karan nan kafin in tarar da kai.