Kailu da Iyakar Gonar Balkisa

Kailu mutum ne da Allah ya ba ƙwaƙwalwa, shi kuma ya zubar da ita da hannunsa. Da ƙuruciya babu gonar da bai san iyakarta ba a ƙauyensu, can wajen Tabla. Da shi aka dasa gambar da ta raba gonar mijin ƙanwarsa Balkisa da ta maƙwabcinsu Magagi. In rigima ta taso, maigari cewa yake yi a kira Kailu.

Sai ya tafi Yamai yana gadin shago, ya dawo barci ya ƙaurace masa. Lokotoro, wato likita, a Filingue ya rubuta masa ƙwayar barci, ya ja masa kunne cewa ta 'yan kwanaki ce. Ina! Gogan naka ya gano mai tallar magani a kan keke ranar kasuwa, wanda ba ya tambayar takarda. Ɗaya ta zama biyu, biyu ta zama cikin tafi, shekara da shekaru. Ga shi barcin ma bai samu ba, sai dai ya wuni a gindin bango baki sake, miyau na zuba. Ya tambaye ka lafiyar iyali, ka amsa, ya sake tambaya. Ya fita neman jakinsa alhali yana riƙe da igiyarsa. Balkisa ta yi faɗa, ta yi kuka, ta ɓoye ƙwayoyin a cikin tulu. Ya ce ita me ta sani, ai shi ne babba. Daga baya ko kallonsa ta yi sai ta ja tsaki, ƙato guda ya zama abin dariyar mata a bakin rijiya.

Da mijinta ya rasu, fari ya riga ya cinye gambar, dabbobi sun ƙarasa saura. Magagi ya tashi ya ce kwarin da ke tsakaninsu nasa ne. Kwarin nan kuwa shi kaɗai ke ba da hatsi in damina ta yi gardama, da shi take ciyar da marayunta. Maigari ya ce kowa ya kawo shaida. Balkisa ta duba, duk waɗanda aka yi dashen da su sun mutu, sai wannan sakarai. Ta roƙe shi ya haƙura da ƙwayar ko na kwana biyu ne. Ya dafa ƙirji ya ce iyakar nan ko ido rufe zai bi ta.

Al'adar garin ita ce mai shaida ya shiga gaba yana jan sanda a ƙasa, dattawa na binsa suna aza duwatsu a kan layin. Inda ya ja, nan ne iyaka, kuma wanda ya kawo shi ba shi da bakin musu. Da hantsi aka taru. Tun daga tafiyar Kailu Balkisa ta san ya sha ƙwayar. Ya tsaya a gindin gawon da iyakar ta faro yana zare ido. Akwai aduwa a hagu, akwai wata a dama, ya rasa wacce ce layin gambar ya nufa a da. Maimakon ya ce ya manta, sai girman kai ya hana shi. Ya gyara hula, ya ja sandarsa da ƙarfi zuwa aduwar da ke cikin gonar ƙanwarsa, ya bar kwarin gaba ɗaya a ɓangaren Magagi. Shi kansa Magagin sai da ya sunkuyar da kai don kunya. Aka aza duwatsu, aka yi fatiha.

Da la'asar Balkisa tana zaune a tsakar gida, ta kasa ko hura wuta, sai ga Kailu ya shigo yana murmushi, da ƙurar gonar a ƙafarsa.

"Balki, yaushe ne za mu je nuna iyakar nan?" in ji shi. "Ki kwantar da hankalinki, kwarin nan naki ne, da ni aka dasa gambar."