Bangon da Aka Yi wa Fenti da Rani

Da tsakiyar rani muka taso daga Gyadi-Gyadi zuwa Tarauni, ni da Umma, shekara guda bayan rasuwar Baba. Dillalin da ya nuna mana gidan mutum ne mai fara'a, carbi ba ya barin hannunsa. Ɗaki biyu ne da ɗan tsakar gida, an yi musu sabon fenti shuɗi. Na shafa bangon na ce wa Umma kamar sama bayan an ɗauke ruwa. Har yau ina jin haushin wannan maganar tawa.

Umma ta tambaye shi, "Malam, ruwa ba ya shigowa dai ko?"

Ya ce, "Haba Hajiya! Ɗan sanyi-sanyi dai da damina, shi ma rahama ne, ba sai kun kunna fanka ba."

A cikin kayanmu akwai wasu takardu na Baba. Direban babbar mota ne, amma idan yana gida yakan zauna da alƙalamin kara ya yi ta rubutu da ajami: labarin ƙauyensu, sunayen kakanninmu, da waƙoƙin da mahaifiyarsa take yi a bakin dutsen niƙa. Tawadar ma shi yake haɗa abarsa da ƙaro da baƙin tukunya, irin wadda ake rubutun allo da ita. Ni kuwa boko na yi har jami'a, ajami sai ina yi ina tuntuɓe. Kullum cewa nake bayan jarrabawa zan zauna in kwafe su. Na jera su a kwali, na tura kwalin ƙarƙashin gado, jikin bango.

Maƙwabciyarmu malamar firamare ce 'yar Kudancin Kaduna, Anti muke ce mata. A makon farko ta leƙo yi mana barka da zuwa, ta dubi akwatunanmu ta ce, "Ku samo bulo ku ɗora kayan nan a kai." Na ɗauka ɓera take nufi. Na sayo maganin ɓera.

Da damina ta kankama, rufi na riƙa kallo. Na tanadi robobi saboda yoyo, ko ɗigo bai sauko ba, har na yi ta sa wa dillali albarka. Ashe ta ƙasa ruwan yake hawowa, a hankali, ba ƙara. Fenti ya fara kumbura yana ɓarewa, ga wani baƙin layi a bayansa har gwiwa. Tufafinmu suka ɗauki warin ruma.

Wata safiya na jawo kwalin, sai gefensa ya biyo hannuna, gindinsa ya zauna a ƙasa. Takardun sun manne da juna. Tawadar allo an yi ta ne don ruwa ya wanke ta, kuma ya wanke. Na shimfiɗa su ɗaya bayan ɗaya a kan tabarma a rana, inda Baba ya yi rubutu sai wani toka-toka kamar hadari. Umma ta zauna a bakin ƙofa tana kallon takardun. Da ma ta yi faɗa.

Na kira dillali. Ya zo ya taɓa bangon da ɗan yatsa ɗaya, ya goge a rigarsa.

"Ai ɗan danshi ne, 'yata. Kowane gida yana yi."

Ɗan danshi. A aji malamin Turanci ya taɓa sa mu jera kalmomin da ake jingina wa jiƙa don a nuna ƙanƙantarta ko yawanta, na cika shafi ina jin daɗi. A Hausa ma ba mu rasa ba: akwai danshi, akwai laima, akwai jiƙewa sharkaf. Mutumin nan duk ya san su. Ya dubi rubutun mamaci yana bushewa a kan tabarma, ya zaɓi mafi ƙanƙanta.

Bayan ya tafi Anti ta faɗa mana sauran. Duk rani ana kankare bangon a shafa sabon fenti, kuma ba a nuna gidan sai da rani. Mu ne na huɗu da ta gani. Mai gida ya sani, mai fenti ya sani, mai shagon bakin layi ma ya sani. Ta ce, "Na so in faɗa muku sosai, amma kun riga kun shigo, kuna ta murna."

Da shekara ta cika muka tashi. Bayan wata biyu na koma gaida Anti, sai ga dillali a ƙofar gidan da wani mai adaidaita da matarsa da goyo. Fentin bana ruwan ɗorawa ne. Ni da ba a jin muryata ko a tsakar gidanmu, na bi su ciki, na ciro makulli na karce bangon daidai gwiwa. Baƙin yana nan.

Dillali ya ce, "Ke yarinya, ki ji tsoron Allah!"

"Shi nake ji, Malam." Na juya wajen matar. "Yaya, da damina ruwa nan yake kawowa. In kuna da abin da ba ya sayuwa, kada ku ajiye shi a nan."

Mijin ya durƙusa ya sa farce ya ƙara ɓare wajen. Ya miƙe ya karɓi jakar matarsa suka fita.

Shafi tara ne suka tsira. Umma tana karanto mini, ina kwafewa da biro. A na ƙarshe akwai waƙar niƙa, layi uku da rabi. Na tambayi Umma ko ta san ƙarshenta, ta yi tunani, sannan ta ce Baba ne kaɗai ya iya.