Dokin Ƙofar Mma

A gidanmu na unguwar Nima, bakin babbar gota, wato magudanar ruwa, duk shekarar da ruwa ya shigo ɗaki sai mahaifiyata, Mma, ta sa magini ya ƙara jerin bulo a dokin ƙofa. Haka kowa ke yi a layinmu. Ina ƙarama a guje nake tsallake shi. Yanzu ya kai min cinya.

Ta ce da can an san watan ruwa, yanzu kuwa ba ya sallama. Da hadari ya haɗu sai ta ture abinci, ta ɗora katifa kan kujeru, ta zauna tana kallon ƙofa.

Wata abokiyar aikina 'yar gidan bene ce, ambaliya ba ta taɓa jiƙa mata takalmi ba. Ita ma sauyin yanayi na hana ta sukuni, har likita take gani ya saurare ta. Ban ga laifinta ba. Abin da ke ƙona min rai shi ne tata damuwar tana da suna. Ta Mma kuwa, maƙwabta cewa suke yi, "Hajiya, tunani ya yi miki yawa, ki bar wa Allah."

Bana gwiwoyin Mma sun kasa tsallake bulon. Na ce, "Mma, a rage jeri ɗaya mana." Ta kalle ni kamar na zage ta.

Ruwa bai shigo ba tukuna. Ita ma ba ta sake fita ba.