Hoton Likita da Dillalin Ngong

Har gobe ina tuna ranar da hoton bango ya kusa jawo wa mutum asarar ƙafa. Zamanin Jamus ne, ina tafinta a asibitin bariki na Garwa. Aikina in tsaya tsakanin likitan soja da mara lafiya, in juya magana, in riƙe kwano idan ana wanke ciwo.

Likitanmu ya rataye wani zane da ya zo da shi daga ƙasarsu. Ga majiyyaci kwance, fitila na ci a gefensa, ga wani ƙwarangwal da lauje, ga kuma likita a tsakiya ya kama hannun ƙwarangwal ɗin. Ya bayyana mini cewa fitilar rai ce, mai laujen mutuwa, likita kuwa tare ta yake yi. Na haddace, ina ta zuba wa mutane kamar ni na zana.

Da damina aka kawo Baba Ɗanjuma, dillalin shanu daga Ngong. Wani sa ya soke shi a cinya, ciwon ya ruɓe, likita ya ce in ba a tsaga yau ba sai yankewa. Tsohon yana ganin hoton ya ce a mai da shi gida.

Na karanto masa haddata. Ya dube ni da tausayi.

"Ɗana, a kara, kasuwar shanu, na yi furfura. Mutum biyu sun haɗa hannu a kan dabba, ai ciniki ya faɗa. Wancan na kwance an sallama shi."

Likita ya tambayi me ake ciki, na ce gaisuwa ce ba ta ƙare ba. Gaskiya tsoro ya kama ni, don ƙafar har wari take. Na sake duban hoton, wannan karon da idon ɗan kara.

"Baba, dubi ɗaya hannun likitan. Yana ina?"

"Ya damƙe kafaɗar na kwancen."

"Wanda ya sallama yana riƙe igiya?"

Ya daɗe yana kallo. "Bai saki ba. Ashe tayi ake yi." Ya gyara kwanciya. "To, gaya wa likitan ko me mai laujen ya taya, ya ce albarka."

Na gaya wa likita tsohon ya yarda, sauran na bar wa cikina. Bayan wata guda tsohon ya koma kara da ƙafafunsa biyu, yana ɗan ɗingishi.

Tun ranar, kafin in juya wa mara lafiya kalma ɗaya, sai na fara tambayarsa sana'arsa.