Yadda na haɗa jiƙon Gwaggo da ƙwayar likita, na kusa wucewa

Assalamu alaikum 'yan uwa. Wata bakwai rabona da rubuta komai a nan. Masu kirana suna jin waya a kashe, ku yi haƙuri. Jinya na yi, yau ga bayani.

Waɗanda suka san ni sun san ina koyarwa a wata lakwal, makarantar boko ta ƙauye a yankin Kwaya, kullum a kan moto, wato babur, nake zuwa. Da kaka na ɗaga buhun gyada, na ji wani abu ya tsinke mini a kugu. Kwana uku bayan nan ciwo ya bi ƙafar dama har diddige, kamar an zura waya mai zafi. Ruku'u ya gagare ni, barci ya ƙaurace.

A asibitin Magaria aka yi mini radiyo ta baya, wato hoton ƙashi. Likita ya ce ƙashi ne ya danne jijiya. Ya rubuta mini ƙwaya iri biyu, ya ce ɗaya tana sa barci, ya kuma tambaye ni da laƙabin da ake kiran malaman lakwal da shi, "Mushe, kana shan wani magani a gida?"

Na ce a'a. A ranar gaskiya na faɗa.

Da sati ya zagayo sai ga Gwaggo Habi, ƙanwar mahaifina, daga Dogo-Dogo. Ta san itace, mutane da yawa sun ji daɗin hannunta. Ta dafa mini sassaƙe da wata saiwa. Ba zan faɗi sunansu ba, kada wani ya gwada. Ta ce, "Ɗan nan, ludayi guda bayan cin tuwo. Kada ka ƙara. Wannan itacen kwantar da mutum yake yi."

Wallahi ya yi aiki. Ciwon ya lafa, na yi barcin da na manta daɗinsa.

Daga nan na ɓata lamarin da hannuna. Ban gaya wa Gwaggo ina shan ƙwaya ba, ban koma na gaya wa likita ina shan jiƙo ba. Ludayi ya zama biyu, ya zama kofi. Tunda ba na jin zafi, na koma hawan moto da ɗaukar kaya. Harshena ya yi nauyi, ina rubutu a allo alli na faɗuwa. Na ce gajiya ce.

Wata Juma'a na sha kofi guda da ƙwayata, na ce bari in ɗan kishingiɗa kafin masallaci. Abin da na sani ke nan.

Sauran a bakin matata Rakiya na ji. Ta ce har aka sauko daga masallaci ban motsa ba. Ta girgiza ni, ta yayyafa mini ruwa, numfashina sai an daɗe yake fita. Maƙwabta suka sa ni a mota.

Washegari na buɗe ido, ga serom, wato ƙarin ruwa, a hannuna, ga robar iska a hanci. Ban taɓa jin tsoro irin na lokacin da na kasa tuna sunan 'yata ba.

Rakiya ce ta cece ni, don ta zo da gorar jiƙon ta nuna. Likita ya aika a kira Gwaggo. Na zaci faɗa zai yi mata. Sai ya ba ta kujera, ya ce, "Inna, maganinki yana aiki, nawa ma yana aiki. Duka biyun jijiyoyi suke kwantarwa. Da suka haɗu sai suka nemi su kwantar da numfashin ma."

Gwaggo ta juyo gare ni, idonta ya kawo ruwa. "Ludayi nawa na ce maka?"

Na kasa ɗaga kai.

Kwana shida na yi a gado. Safe da yamma a auna tansiyon, wato hawan jini, an ɗebi jini sau biyu don a duba hanta da ƙoda. Alhamdulillahi suna lafiya. Tunkiyar Rakiya ce ta tafi a wannan jinyar, ba ta taɓa tayar da zancen ba.

Da aka sallame ni ciwon ya dawo da ƙarfinsa, don na ƙara ɓata bayan a lokacin da ba na jin zafi. An canza mini magani, an koya mini motsa jiki a kan tabarma. Wata biyu ina sallah a zaune. Yanzu na koma aji, ƙafar takan ɗan yi tsami da yamma, amma ina tafiya ba sanda.

Na gode wa Allah. Na gode wa likita da masu jinya, da maƙwabtana, da Gwaggo da ta kwana uku a bakin gadona bayan ni na saɓa mata. Rakiya, Allah ya saka miki da Aljanna.

Abin da zan roƙe ku: ba na cewa ku bar maganin gida. Amma in likita ya tambaya, ku faɗi duk abin da kuke sha, har jiƙo da gari, ku tafi da gorar. Mai ba ku sassaƙe ma ku nuna masa ƙwayarku. Kada ku wuce awon da aka ba ku don kun ji daɗi. In kuka ga mai shan maganin ciwo yana barcin da ba a iya tashinsa, kada ku ce ya huta. Ku ɗauke shi a lokacin.

Allah ya ba marasa lafiyarmu sauƙi.