Mirtil ɗin Malam Lawali sun nuna a bayansa

Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Ina tsugune a garkar Malam Lawali a Aubervilliers, a gefen Paris, ina gyara ragar da ke kare itatuwansa daga tsuntsaye, sai talho ya yi kuka. Ɗiyarsa Zeinabu ce daga Lyon. Ko gaisuwa ba ta ƙarasa ba ta ce, "Baba Isa, sai haƙuri, abokinka ya riga mu gidan gaskiya." Na dubi ƴaƴan da ke kan reshe, kore shar, ko ɗaya bai fara turawa ba. Na zauna a ƙasa.

Ni ban yi lakwal ba, wato boko, ban iya jera magana irin ta masu takarda ba. Abin da na faɗa shi aka rubuta, wanda bai ji daɗi ba ya yi haƙuri.

Ni Bagobiri ne daga Tibiri, shi Bakatsine daga Maradi. Ƙarfinmu duka a magazan ƴan Sin, manyan ɗakunan ajiyar kayansu, muka bar shi, muna ɗaukar kwalayen takalma. In za a sauko da kaya daga bene, kullum shi ke kama ɓangaren ƙasa, inda nauyin yake, kuma ban taɓa jin ya faɗa wa kowa ba. Da muka ajiye aiki, bayan shekarar nan da zafi ya yi ta kashe tsofaffi a Paris, aka ba shi ɗan fili a garkunan ma'aikata. Ni na riga shi nema, har yau ba a ba ni ba, kuma masu rabon sun san abin da suka yi. Shi dai sai ya je ya yanko makulli na biyu ya miƙo mini. Ya ce, "Garka ɗaya ta ishi tsofaffi biyu."

Kowa a wurin yana shuka tumatir da kabewa, shi kuwa sai ya nace wa mirtil. Wani ɗan itace ne gajere, ƴaƴansa ƙanana, baƙi-baƙi da shuɗi. Ya ce tun ranar da ya ɗanɗana ya tuna ɗinyar bayan gidansu. Na ce, "Bakatsine, rowa ce ta hana ka saye a kasuwa?" Ya ce, "Isa, ƙasar da ba ka ci ɗan itacen da ka dasa da hannunka ba, har ka mutu baƙo ne kai a cikinta."

Muka dasa guda ɗaya yadda ake yi a gida. Muka zuba mata takin doki, muka barbaɗa tokar da muka gasa naman layya da ita. Kuma duk lokacin da salla ta same mu a garka, a gindinta muke alwala, don kada ruwa mai albarka ya tafi a banza. Haka iyayenmu suka raya darbejiyar ƙofar masallaci. Amma ita sai ganyenta ya koma rawaya, jijiyoyin kaɗai suka rage kore. Shekara ta zagayo, wata ta bi ta, ko fure babu.

Wata tsohuwa ƴar Portugal mai garka kusa da tamu ta leƙo ta shinge, ta gan mu da buta, ta ɗora hannu a ka. Ta ce wannan itace ƙasa mai tsami yake so, toka kuwa kashe tsami take. Ta ce ruwan famfon Paris ma haka, cike yake da farin abin nan da ke daskarewa a gindin tukunyar shayi, sai dai a ba shi ruwan sama.

Na ce, "Malam, ruwan alwala ne zai kashe itace? Yaushe aka haifi matar nan?"

Ya yi dariya ya ce, "Ba alwalar ba ce, Bagobiri, famfon ne."

"To tokar fa? Da me kakanka ya yi albasa?"

"Da toka. Amma wannan ba albasa ba ce. Itace ba ya ƙin haihuwa, sai in an ba shi abincin wani."

Na yi fushi, na ɗauke ƙafa daga garkar har damina ta wuce. Har gobe ina nan kan bakana, ban taɓa ganin toka ta yi wa shuka sharri a Gobir ba. Shi ne ya hau benen fuwayenmu, gidan kwanan baƙin ma'aikata, da goro a aljihu, da ciwon gwiwarsa, ya ce in zo in kama masa tukunya.

Ya tone shukar ya mayar cikin babbar tukunya da ƙasa mai tsami ta buhu, ya rufe gindin da ɓawon itacen fir, ya janye ta daga inuwar shinge zuwa inda rana ke wuni. Ya kafa tano, wato ganga, a ƙarƙashin rufin ɗakin kayan aiki yana tarar ruwan sama. Ganye ya dawo kore, fure ya fito, amma ya kaɗe bai bar komai ba. Aka ce masa ita kaɗai ba ta yin kirki, sai da wata iri dabam a kusa, ƙudan zuma na kai da kawowa tsakaninsu. Ya sayo ta biyu. Shekarar da suka yi fure tare, sanyin Afrilu ya ƙone shi. Ta gaba, tsuntsaye suka riga mu. Ni da tuni na cinna musu wuta. Shi sai ya sayo raga, ya sare tsofaffin rassa a ƙarshen sanyi, ya ce, "Baɗi ma shekara ce."

Bana suka yi ƴaƴa har rassa na sunkuyawa. Bana kuma ciwo ya kama shi a ciki, Zeinabu ta zo ta tafi da shi Lyon, kusa da ita a unguwar La Guillotière. A tashar jirgin ƙasa ya riƙe mini hannun riga. "Isa, don girman Allah, ruwan tano. Kada ka yi musu alwala." Na ce, "Ka dawo ka hana ni da kanka." Ban yarda da maganar ba, amma tun ranar a wajen shinge nake alwalata, domin amana ce.

Bayan an rufe shi suka nuna. Na tsinke su cikin kwanon da muke cin abinci tare, na hau jirgi na kai sadakar arba'in. Ni ban sa ko ɗaya a baki ba, na kasa. Aka ajiye kwanon a gefen dabino, baƙi suka cinye ba wanda ya tambayi daga ina.

Masu rabon garka sun ce ƙarshen kaka filin zai koma hannun wani. Ni ba za su ba ni ba. Ɗakina a fuwaye taga ɗaya ce, rana ba ta shiga. Na sami babban ɗansa Abdu, mai aikin ofis da gida mai fili a bayan Lyon, na roƙe shi ya zo da mota ya ɗauke su. Ya ce, "Baba, ai ana sayar da su a ko'ina." Da na matsa, ya ce to zai ɗauki guda ɗaya, don tunawa. Abdu, ga shi na sake faɗa maka a gaban jama'a: ko ka ɗauki biyu, ko ka bar su su mutu tare. Ɗaya ba ta yin komai ita kaɗai, ni na sani yanzu.

Ya Allah, ga bawanka Lawali, wanda ya ɗauki nauyin mutane bai yi gori ba. Ka gafarta masa, Ka yalwata kabarinsa a wannan ƙasa mai sanyi, Ka shayar da shi daga ƴaƴan itacen Aljanna da bai sha wahalar dasawa ba. Ka ba Zeinabu da Abdu da jikokinsa haƙuri, Ka sa albarka a bayansa, Ka tausasa zukatansu. Ni kuwa da na saura da makullin garkar da za a karɓe, Ka kyautata ƙarshena, kada Ka daɗe da ni a bayansa. Amin.