Kuɓewar da Iya Ta Ɗaura wa Tsumma

Idan damina ta ja baya, bayan ɗakin Iya, kakarmu, a Unguwar Kanawa yakan koma wani iri. Yakuwa ta yi jajawur, ganyen kabewa ya fara ƙonewa, kuɓewa kuma tana fitar da furenta na ƙarshe mai ruwan ɗorawa. A lokacin ne Iya ke zaɓar manyan 'ya'yan kuɓewa ta ɗaura musu tsumma. Wanda aka ɗaura wa tsumma ba na miya ba ne, iri ne, a kan karansa zai bushe. Daga hannun mahaifiyarta ta gaji irin nan, kuma ko a mafarki ba ma taɓa shi.

Mutum ɗaya ne wurin ke tsone wa ido, wato ɗanta Kawu Bala, ma'aikacin ofis da ke zuwa daga unguwar Kawo ran Lahadi, yana ɗage ƙafar wando kamar mai tsallake kwata. Kullum maganarsa ɗaya: wurin ya zama juji, a share a shuka furanni irin na gidajen manya.

Wata Lahadi bayan magariba muna kewaye da murhu, Iya na soya gyaɗa, shi kuma ya hakimce a kujera. Sai ta fara yi mana tatsuniya. Wai an yi wani ɗan gayu da ya shuka kuɓewa. Duk furen da ya buɗe sai ya tsinke ya soka a hula ya shiga gari, ana ta yaba shi. Bai san furen nan shi ke zama kuɓewa ba. Da rani ya yi, maƙwabta na kaɗa miyar busasshiyar kuɓewa, shi ko ɗaya babu. Matarsa ta tuƙa tuwo, ta zuba ruwan zafi a kwano, ta watsa busassun furanni a kai.

Iya ta maƙale murya irin ta matar: "Ci mana, maigida. Ai kyau kake so, ga shi nan."

Duk cikinmu babu wanda ya kai Kawu dariya, har da buga cinya. Wai mutumin nan wawa ne.

Da lokacin kaka ya yi, Iya ta rasu. Ana cikin zaman makoki Kawu ya kawo leburori suka sassabe wurin don a sami inda za a shimfiɗa wa abokan aikinsa tabarma. Karan kuɓewa, da tsumman da komai, aka tara aka cinna wa wuta. Furannin da ya shuka daga baya ko rani ɗaya ba su gani ba, don ba shi da lokacin ban ruwa.

Sai da na girma na gane ba mu Iya ke yi wa tatsuniyar ba. Ɗanta take roƙo, ta hanyar da ba za ta kunyata shi gaban yara ba. Har yau abin na ƙona min rai.

Bara da Sallah ya zo gidana, ya tsufa, na sa masa tuwo da miyar kuɓewa. Ya kai loma, ya yamutsa fuska, ya ce matan yanzu ba mu iya miya ba, ina yauƙin ta Iya?

Na ce, "Irin ne babu, Kawu."

Ya ɗago kai, ya tambaye ni wane sakarai ne ya bari ya ɓace.